Ƙanwar mijina ta ce hannuna kamar na 'yar aiki saboda ba na sa jan farce

Assalamu alaikum Anti, dan Allah a sakaya sunana. Shekarata 27, aurena bai cika shekara biyu ba. Ni 'yar cikin gari ce a Kano, babana tela ne, na yi digiri amma ban samu aiki ba tukuna. Mijina ɗan gidan masu hali ne, muna zaune a Abuja kusa da danginsa. Matsalata za ki ga kamar ƙarama ce amma wallahi tana hana ni barci. Ƙannen mijina da faccalolina duk 'yan zuwa salun ne, duk bayan sati biyu ko uku sai an yi musu farce, ko jel, wato jan farcen nan mai kauri da yake daɗewa, ko a dasa musu na roba zaƙo-zaƙo, ni kuwa tun tasowata lalle na sani, kuma farcena gajere ne don ni nake wankina da girkina, ba ni da 'yar aiki. A wani biki aka ce mu haɗa hannuwa a ɗauki hoton zobba da awarwaro, sai babbar ƙanwarsa ta ce in janye nawa zai ɓata hoton, wai kamar hannun 'yar aikinsu. Aka kwashe da dariya, ni ma na yi yaƙe, amma da na koma gida kuka na sha. Sati na zagayowa na zari dubu 25 a kuɗin cefane na je aka yi min jel. Sun yaba sosai, har hoton hannuna suka ɗora a WhatsApp. To muna waya ta bidiyo da mamata sai ta hango, ta ce "au, Abujar ce ta sa kika ajiye sallah?" ta katse, kwana 3 ba ta ɗaga kirana ba. Na yi kwana 9 da shi ina alwala ina sallah amma hankalina bai kwanta ba, ƙarshe na ɓamɓare shi da reza da haƙori, yanzu farcen ya yi laushi sai tsagewa yake. Maigidan ya ce shi ba ruwansa in yi yadda na ga dama, amma na taɓa jin yana yaba farcen ƙanwarsa. Ga wani bikin nan tafe wata mai kamawa. In na sa, ga mamata ga sallata, in ban sa ba na koma 'yar ƙauye a cikinsu. Anti ya zan yi?

Wa alaikumus salam ƙanwata. Ki daina cewa ƙaramar matsala ce, abin da ya sa mace ta kwana tana kuka ba ƙarami ba ne. Abin da ƙanwar mijinki ta yi miki a gaban jama'a wulaƙanci ne, ko da wasa ta faɗa, kuma ta ci mutuncin mutum biyu a lokaci ɗaya, ke da kuma baiwar Allahn nan da take musu wanke-wanke wadda aka mayar da hannunta abin misali na muni. Ina so ki fara ajiye wannan a ranki kafin mu shiga maganar farce, domin na lura a cikin wasiƙarki kanki kike ta tuhuma, kamar ke ce kika gaza.

Bari in faɗa miki abin da dogon farce mai sheƙi yake faɗa in ya shigo taro. Cewa yake mai hannun nan ba ta dirzar tukunya, ba ta matse zannuwan gado, akwai wadda take yi mata ko akwai injin wanki, kuma tana da kuɗi da lokacin da za ta zauna awa ɗaya ko biyu wata na sarrafa mata yatsu. Kuma ba yau aka fara ba. A ƙasar Sin, uwar sarki Cixi wadda ta rasu a 1908 ta shahara da barin faratanta su yi tsawo har ana ƙera musu kube na zinare don kar su karye, duk wanda ya gani ya san wannan ba ta taɓa aikin hannu. Mu ma nan gida ba a bar mu a baya ba, kakanninmu da suke zura hannu a zunguru ko a naɗe musu ƙafa da ganye da tsumma su wuni a zaune, ai sai wadda take da mai ɗora mata tukunya ranar take samun wannan sukunin. Don haka abin da aka auna a hoton nan ba kyan hannu ba ne, wa ke da mai yi mata aiki aka auna. Ke kuma ba ki da ita, kuma wannan ba laifi ba ne ba abin kunya ba ne, yawancin matan ƙasar nan da hannunsu suke riƙe da gidajensu.

Abin da ya sa nake jin tsoron ki bi su a wannan tseren shi ne ba shi da inda ake tsayawa. Jan farce kansa da ya zama abin da kowace mace za ta iya saye a kanti, tun zamanin da kamfanoni irin su Cutex da Revlon suka baza shi kasuwa, sai ya daina bambance kowa, sai aka koma wa ke zuwa salun, daga nan wane salun, daga nan jel ne ko na kwalba. A Amurka an daɗe ana kallon dogayen farata masu zane a matsayin kwalliyar baƙaƙen mata na unguwannin talakawa, 'yar tseren nan Florence Griffith Joyner da ta ci zinare a wasannin Olamfik na 1988 an yi ta surutu a kan faratanta, yau kuma irin wannan farcen ne manyan taurari suke taƙama da shi. Yanzu ma in kika lura a cikin masu kuɗin akwai waɗanda suka koma gajeren farce mai launin fata suna kallon masu dogo ja a matsayin sabbin shiga. Wato ko kin yi farcen, wadda take son ta nuna miki ba ajinku ɗaya ba za ta samu wani abin, gobe leshi ne, jibi jaka, gata a wace ƙasa kika yi hutu. Kin ga sun yaba sun ɗora hotonki, amma ki tambayi kanki tsakani da Allah, bayan yabon kin ji kin zama tasu, ko kuwa kin ji kamar an ba ki izinin zama na sati biyu ne kafin jel ɗin ya ɗago?

Sai lissafi, don ba na son mu tsallake shi. Dubu 25 kika biya sau ɗaya. In za ki riƙa bin su duk sati biyu zuwa uku, a wata kina neman kamar dubu 35 zuwa 50, alhali mafi ƙarancin albashi a Najeriya tun 2024 dubu 70 ne. Su mai yiwuwa kuɗin nan ba ya taɓa musu komai, ke kuwa a cefane kika zara, kuma a nan ne kawai zan ɗan ja miki kunne ƙanwata, kuɗin cefane amana ce, in ya zame miki jiki wata rana sai an yi tambaya kuma ba za ki ji daɗin amsawa ba. Daidai ruwa daidai tsaki.

Yanzu maganar da ta fi komai nauyi a wasiƙarki, sallah. A nan mamarki tana da gaskiya a asalin magana ko da hanyar da ta bi ta yi zafi. Wanke hannu har gwiwar hannu farilla ne a alwala kuma farce yana cikin hannu, duk abin da ya yi rufi ya hana ruwa taɓa wurin, kakin zuma ne, fenti ne, busasshen ƙulli ne, sai an cire shi, haka muka koya tun a islamiyya. A cikin Sahihu Muslim an ruwaito cewa wani mutum ya yi alwala ya bar wuri daidai girman farce a ƙafarsa bai sha ruwa ba, Annabi (SAW) ya ce ya koma ya kyautata alwalarsa. Jan farce na kwalba, jel, da farcen roba da aka manna da gam duk rufi ne, shi ya sa malamai suke cewa alwala da wankan tsarki ba sa inganta da su. Lalle kuwa launi ne yake bari ba rufi ba, ruwa na isa farce, shi ya sa ba a taɓa samun matsala da shi ba. Za ki ji wasu suna cewa ai sai ki yi alwala tukuna sannan ki shafa, to wannan alwalar ce kaɗai za ta yi miki amfani, da zarar ta warware an dawo gidan jiya, ba a yin shafa a kansa kamar huffi. Akwai kuma wanda ake tallatawa da sunan jan farce na halal wai ruwa yana ratsa shi, malamai da dama ba su gamsu da shi ba domin ratsawar tururi ko danshi daban, ruwa ya wanke wuri daban, kuma in aka shafa hawa biyu ko uku lamarin ya ƙara nisa. Ke da kika ce kwana 9 hankalinki bai kwanta ba, ban ga dalilin da zai sa ki ɗora sallarki a kan abin da za ki riƙa kokwanto ba. Su kuma sallolin kwanakin nan, kar ki bar su suna cin ki a rai kuma kar ki share su, ki samu malamar islamiyya ko malamin da kika amince da shi ki faɗa masa yadda aka yi da adadin kwanakin, ya nuna miki yadda za ki yi da su, ki yi ki wuce wurin.

Amma fa ki kula da wani rami da yake gabanki. Wadda aka raina da talauci sau da yawa takan rama da cewa ai ni na fi su addini. Kar ki fara. Ba ki san wace ce take fashin sallah ba, ba ki san wace ce ta manna na cirewa ba, wata kuma wallahi ba ta san hukuncin ba ne sam, kuma ko kin sani, ranar biki a gaban mutane ba wurin wa'azi ba ne. In kika shiga da fuskar ni ce mai sallah ku ne 'yan duniya, kin yi musu irin abin da suka yi miki ne kawai da wani ma'aunin, kuma gaba ce za ta ƙullu wadda mijinki ne zai rasa inda zai sa kansa.

Mamarki kuwa, ba farce ne ya sa ta kwana 3 ba ta ɗaga waya ba. Uwa ce da ta aurar da 'yarta gidan da ya fi nasu ƙarfi, a garin da ba ta iya leƙowa da yamma ta ga halin da kike ciki, tsoronta kullum shi ne kar a canza mata ke, kar wata rana ki dawo kina jin kunyar gidanku. Da ta hango jel ɗin nan abin da take tsoro ta gani. Ki kira ta, kar ki tsaya kare kai, ki ce Mama na yi kuskure na cire, ban ajiye sallah ba kuma ba zan ajiye ba, sannan ki ba ta labarin abin da ya faru a bikin, don na tabbata ba ki faɗa mata ba. In ta ji abin da ya tura ki, fushin zai koma tausayi. Sai dai ki roƙe ta kar ta ɗauki maganar ta kai gidan surukanki, ki ce kina da yadda za ki bi da shi.

Ita kuma ƙanwar mijin, shawarata ki same ta ke da ita, ba a guruf ɗin WhatsApp ba, ba ta hanyar wata faccala ba. Ba sai kin ɗaga murya ba, ki ce mata, "Anti wance, maganar da kika yi ranar hoton nan ta yi min ciwo, na san wataƙila da wasa kika yi amma ina roƙon kar a sake." Shikenan, kar ki ƙara da dogon bayani. Akwai yiwuwar ta ji kunya ta ba ki haƙuri, don wasu mutanen da suka tashi cikin wadata ba su ma san maganarsu tana yanka ba, ba wanda ya taɓa tsayar da su. Akwai kuma yiwuwar ta ce ke kin cika ɗaukar zafi. Ko wanne ta yi kin riga kin nuna mata akwai iyaka. In kin ga ba za ki iya tunkararta ba, ko kin san halinta na mayar da magana faɗa, to ki bar wa yayanta. Kuma ki duba cikin faccalolin nan, da wuya a ce duk wanda ya yi dariya ranar har zuciyarsa ya yi, galibi akwai ɗaya da ta ji ba daɗi ta yi shiru, irin wannan ita za ki ja a jiki.

Maigida da ya ce ba ruwansa, ina kyautata zaton yana ganin 'yanci ya ba ki, bai san cewa ke kin ji kamar ya bar ki ke kaɗai a fili ba. Kin faɗa masa abin da aka ce miki a bikin kuwa? In ba ki faɗa ba, shi a wurinsa maganar launin farce ce kawai. Ki zaɓi lokacin da yake cikin natsuwa ki ba shi labarin yadda ya faru ba ƙari, ki faɗa masa maganar dubu 25 ɗin da bakinki kafin ya ji a wani wuri, sannan ki nemi abu biyu a fili, ya ja wa ƙanwarsa kunne cikin hikima, kuma ya yanka miki wani abu na kwalliya duk wata daidai ƙarfinsa wanda ba na cefane ba. Yabon da ya yi wa farcen ƙanwarsa kar ki ɗora masa fassara mai nauyi, amma ba laifi ki tambaye shi kai tsaye me yake burge shi a hannun mace, kina iya mamakin amsar. In kuma aikin gidan ya yi miki yawa, wannan ce damar da za ki kawo maganar mai taya ki wanki ko da sau ɗaya a sati.

Toh sai farcen da ya lalace. Da kika ɓamɓare jel ɗin kin tafi da saman farcen ne, shi ya sa ya yi laushi. Ba a cire jel da ƙarfi, jiƙa shi ake yi da auduga mai asiton, wato ruwan goge jan farce, a naɗe na kamar minti 10 zuwa 15 har ya saki da kansa. Yanzu ba abin da zai mayar da wanda ya ɓaci sai sabon toho, farcen hannu yana tsiro kamar milimita 3 a wata, kafin ya sabunta gaba ɗaya sai wata 4 zuwa 6. Ki yanke shi gajere, ki goge bakin a hankali ta gefe ɗaya, kullum da dare ki murza man kaɗanya ko man zaitun a kan farcen da fatar da ke gindinsa, ki sayi safar hannu ta roba saboda omo da bilic su suka fi komai busar da hannu, balle hunturu in ya shigo. In kika ga wani farcen ya yi kore ko gefensa ya kumbura yana ruwa, asibiti za ki je ba salun ba. Kuma duk inda za a taɓa miki farce, salun mai tsada ne ko mai yankan farce na bakin titi, ki tafi da kayanki, almakashi da abin yanke fata in ba a tsaftace su ba suna iya ɗaukar ciwon hanta daga wani zuwa wani. Ki sani ma ba kowace mace mai matsayi ce take ajiye farce ba, ma'aikatan lafiya masu taɓa marasa lafiya ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ta hana su farcen roba ta ce su bar nasu gajere, kuma a sunna ma ba a so a wuce kwana 40 ba a yanke ba.

Bikin da ke tafe kuwa, ni da za ki bi tawa, lalle za ki yi amma na gani na faɗa. Ki nemi ƙwararriyar mai ƙunshi tun yanzu ki kama rana, kwana biyu kafin biki, a yi miki jan lalle na salatif mai tsabtar layi, a kwaɓa shi da lemun tsami, a ɗaure da leda ki ba shi awanninsa ya kama sosai, in an cire ki shafa mahallabiyya, washegari za ki ga yatsun sun yi jawur har suna ɗaukar ido, farcen kuma ya rine ya rufe miki fari-farin nan da ya yi. Ki yi hankali da baƙin zane na dayis, sinadarin rinin gashi ne a ciki kuma yana ƙona fatar wasu har ya bar tabo, in ba ki saba da shi ba ki gwada ɗan ɗigo a hannu kwana biyu kafin nan ko ki haƙura da shi. Zobe ɗaya mai kyau ya isa.

In kuma ke a karan kanki kina sha'awar jan farce, ba don su ba, wannan ma ba abin kunya ba ne, ado ne kuma mace tana son ado. Ki sayi na kwalba da abin goge shi ki riƙa shafawa a kwanakin al'ada, ki goge tas kafin wankan tsarki, ki duba gefe-gefen farcen da kyau don nan yake maƙalewa. Jel bai dace da wannan ba tunda shi na sati biyu zuwa uku ne. Akwai kuma faratan da ake mannawa da ɗan sitika ba gam ba, ki sa bayan kin yi la'asar ko isha ki cire in lokacin alwala ya yi, amma wannan sai naki farcen ya warke tukuna, ba a wannan bikin ba. Sai dai ki san cewa a wurinmu mutane da yawa in sun ga jan farce suna fassara shi da cewa mace tana fashin sallah, in ba kya son a karanta miki wannan a hannu to ki bar shi na cikin gida.

Abu na ƙarshe, kin ambaci digiri kin wuce kamar ba komai ba. Ina ganin rabin ciwon nan daga zaman da kike yi ne ba ki da naki kuɗin kuma ba ki da wasu mutane a Abuja sai dangin miji, duk abin da suka faɗa shi ne labarin da za ki kwana da shi. Ki ci gaba da neman aikin, ki shiga islamiyyar matan aure ta unguwarku ko ki koyi wata sana'a, 'yar tela ce ke, da wuya a ce ba ki iya riƙe almakashi ba. Amma a daren yau ki fara da kiran Mama, gobe ki yi magana da maigida, mai ƙunshi kuma ki neme ta cikin satin nan don lokacin biki layi suke yi.